Me ya sa Keisuke Honda bai yi tashe a AC Milan ba kamar yadda ya yi wa Japan?

Tambaya: Na san Keisuke Honda ne a gasar cin kofin duniya, inda ya zura ƙwallo a ragar Kamaru da Kwaddibuwa da Senegal, amma a wasan ƙungiya abin da na sani kawai shi ne ya sa riga mai lamba 10 a AC Milan bai yi abin a zo a gani ba, daga nan ya shiga yawo ƙasa-ƙasa. Shin ɗan wasan ƙasa ne kawai wanda wasan ƙungiya bai karɓe shi ba? Kuma da gaske ne ya taɓa wasa tare da Ahmed Musa?

Amsa: Ɗan'uwa, hukuncin da ka yanke wa Honda shi ne wanda mafi yawan masu kallo suka yanke masa, kuma ban ga laifinsu ba, domin shekarunsa na Milan su ne aka fi nunawa a gidajen kallo, alhali shekarun da ya fi ƙwarewa a cikinsu ya yi su ne a wuraren da ba kowa ke kallo ba, wato rukuni na biyu na gasar Holan da kuma gasar Rasha. A ganina, duk wanda yake son ya auna Honda a matsayin ɗan wasan ƙungiya to ya auna shi da abin da ya yi a garin Venlo da birnin Mosko tsakanin 2008 da 2013. Milan kuwa ya isa can a makare, ya tarar da ƙungiyar tana cikin mafi munin zamaninta na shekarun baya-bayan nan, sannan aka riƙa sa shi a gurbin da ya fi kowane gurbi tona rauninsa. Domin a fahimci haka sai an koma tun farkon lamarin.

An haifi Honda ranar 13 ga Yuni, 1986, a garin Settsu da ke yankin Osaka. Yana yaro ya shiga ajin ƙananan yara na ƙungiyar Gamba Osaka, amma da lokacin ɗaga shi zuwa ajin matasa ya yi sai ƙungiyar ta ƙi ɗaukarsa, kuma dalilin da aka fi ambata shi ne rashin gudu da rashin juriyar numfashi. Ina so ka riƙe wannan batu na rashin gudu, domin shi ne ya yi ta bin sa har ƙarshen wasansa. Da Gamba ta sallame shi sai ya bar gida ya tafi makarantar sakandaren Seiryo da ke birnin Kanazawa, a yankin Ishikawa. A Japan gasar makarantun sakandare babbar gasa ce da ake nunawa a talabijin, kuma ƙungiyoyin ƙwararru daga nan suke tsintar 'yan wasa da yawa. A shekararsa ta ƙarshe Honda ya jagoranci makarantar a matsayin kyaftin har zuwa wasan daf da ƙarshe na gasar ƙasa, abin da wata makaranta daga Ishikawa ba ta taɓa yi ba kafin nan.

Nagoya Grampus Eight ce ta ɗauke shi a 2005, ya yi mata kaka uku, ya buga wasa 90 a gasar J-League ya ci ƙwallo 11. Wanda ya san Honda na baya zai yi mamakin ƙarancin ƙwallayen nan, amma a lokacin ba mai cin ƙwallo ba ne. Ɓangaren hagu ake sa shi, wani lokaci ma can baya, aikinsa raba ƙwallo da ɗaga ta cikin yadi da ƙafarsa ta hagu mai ƙarfi, sai kuma bugun tazara, wanda tun a nan ya fara yin suna da irin bugun da ƙwallo ke tafiya ba ta juyawa tana kaɗawa a iska. Kocin Nagoya a 2006 da 2007 ɗan Holan ne, Sef Vergoossen, wanda ya taɓa horar da ƙungiyar VVV-Venlo, kuma ta wannan alaƙa ce hanya ta buɗe wa Honda zuwa Turai a watan Janairun 2008.

VVV ƙaramar ƙungiya ce a wani gari da ke kan iyakar Holan da Jamus, filinta mai suna De Koel yana ɗaukar 'yan kallo kimanin dubu takwas ne kawai. Wata huɗu da zuwan Honda ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. A bazarar wannan shekarar kuma ya tafi wasannin Olamfik na Beijing, inda Japan ta sha kashi a duka wasanninta uku, ciki har da wanda Najeriya ta doke ta da ci 2 da 1. Ya dawo Venlo yana ɗan shekara 22, babu wata babbar ƙungiya da ta neme shi, sai ya zauna ya buga rukuni na biyu. Wannan kaka ta 2008 zuwa 2009 ita ce ta sauya shi baki ɗaya, kuma ina ganin ita ce kaka mafi muhimmanci a rayuwarsa ta ƙwallo. Ya gane cewa a Turai baƙon ɗan wasa da ke raba ƙwallo kawai babu mai lura da shi, sai wanda sunansa ke fitowa cikin masu ci, saboda haka ya matso gaba, ya riƙa buga wasa a bayan ɗan wasan gaba, yana shiga yadi, yana dukan raga daga nesa. Ya ci ƙwallo 16 a wasa 36, aka ɗaura masa kyaftin, VVV ta lashe rukunin ta koma babbar gasa, shi kuma aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan rukunin. Magoya bayan ƙungiyar suka laƙaba masa Keizer Keisuke, wato sarki Keisuke. Da aka dawo babbar gasa bai sassauta ba, domin a wasan farko ya ci PSV Eindhoven a karawar da aka tashi 3 da 3, ya kuma ci gaba da ci a makonnin da suka biyo baya, har manyan ƙungiyoyin Holan suka fara tambayar kuɗinsa.

Wadda ta biya kuɗin ita ce CSKA Mosko, a ƙarshen Disambar 2009, kan kimanin Yuro miliyan shida, da ƙwantiragin shekara huɗu. A nan ne tambayarka ta biyu take samun amsa, kuma amsar ita ce e, sun yi wasa tare, har ma hanyarsu ɗaya ce. Bayan Honda ya bar Venlo ne VVV ta ɗauko Ahmed Musa daga Kano Pillars a 2010, bayan ya ci ƙwallo 18 a gasar Najeriya, don haka a Holan ba su haɗu ba. Amma a Janairun 2012 CSKA ta sake komawa Venlo ta sayi Musa, suka zama abokan wasa na tsawon kusan shekara biyu, har zuwa Disambar 2013. Akwai kuma wani ɗan Najeriya da Honda ya tarar a CSKA tun zuwansa, wato ɗan wasan baya Chidi Odiah.

Shigar Honda CSKA ta zo da armashi irin wanda ba kasafai ake gani ba. Gasar Rasha a lokacin tana farawa ne a watan Maris, saboda haka wasansa na farko a ƙungiyar shi ne na zagayen 'yan 16 na gasar Zakarun Turai da Sevilla, a filin Luzhniki, cikin sanyin Fabrairun 2010, inda aka tashi kunnen doki 1 da 1. A wasa na biyu a Sifaniya, ranar 16 ga Maris, shi ne ya bai wa Tomas Necid ƙwallon da ya fara ci, sannan bayan Sevilla ta farke sai ya buga bugun tazara daga nesa, ƙwallon ta kuɓuce wa mai tsaron raga Andres Palop ta shiga. CSKA ta ci 2 da 1, ta tsallaka zuwa zagayen 'yan takwas a karon farko a tarihinta, Honda kuma ya zama ɗan Japan na farko da ya kai wannan mataki a gasar, kuma na farko da ya ci ƙwallo a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Wadda ta fitar da su ita ce Inter Milan ta Jose Mourinho, da ci ɗaya mai ban haushi gida da waje, kuma ita ce ta ɗauki kofin a shekarar. A watan Yuni ya je gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu ya ci Kamaru da Denmark. Idan ka duba, tsakanin Maris da Yunin 2010 babu wani ɗan wasan Asiya da ya fi shi tashe, kuma yana ɗan shekara 24 ne kacal. Wannan shi ne lokacin da ya kamata ya koma ɗaya daga cikin manyan gasannin Turai, amma hakan bai yiwu ba.

Dalilin shi ne CSKA ba ƙungiya ce mai buƙatar kuɗi da gaggawa ba, kuma shugabanta Yevgeny Giner ya yi suna da tsaurin ciniki. Ƙwantiragin shekara huɗu na hannunsa, don haka duk mai son Honda sai ya biya abin da aka yanka masa. A cikin fili kuma wata matsala ta taso. CSKA tana da Alan Dzagoev, matashi ɗan ƙasa mai hazaƙa, wanda shi ma gurbinsa bayan ɗan wasan gaba ne, sai koci Leonid Slutsky ya riƙa mayar da Honda can tsakiya ta baya, yana tare hanya yana raba ƙwallo, wani lokaci kuma ya kai shi dama. Honda bai ɓoye cewa ba ya son gurbin ba, amma ya buga shi, kuma ya buga shi da kyau, domin yana da ƙarfin jiki da iya kare ƙwallo da bayansa. Abin da ya rasa shi ne yawan ƙwallaye, kuma ƙwallaye su ne ke jawo hankalin masu saye. Ya ɗauki kofin ƙalubale na Rasha a watan Mayun 2011, ya fara wannan kakar yana ci sosai, sai a ƙarshen Agusta, a wasan hamayya da Spartak Mosko, ya ji rauni a guringuntsin gwiwarsa ta dama, aka yi masa tiyata, ya yi watanni ba ya wasa. A Janairun 2012 Lazio ta Italiya ta neme shi da gaske, aka yi ta ciniki har ranar rufe kasuwa, amma ba a daidaita kan kuɗin ba.

Kakar 2012 zuwa 2013 ita ce wadda ta fi dacewa masu sha'awar Ahmed Musa su tuna. Seydou Doumbia, ɗan Kwaddibuwa da ke ci wa CSKA ƙwallo, ya yi fama da ciwon baya kusan duk kakar, sai Slutsky ya ɗauko Musa daga gefe ya mai da shi ɗan wasan gaba, ya sa Honda a bayansa, Dzagoev kuma ya koma hagu. Wannan haɗi ya yi daidai da baiwar kowannensu. Musa yana da gudun da Honda ba shi da shi, Honda kuma yana da idon ganin rata da ƙafar da za ta saka ƙwallo a bayan 'yan baya, ga shi yana iya riƙe ƙwallo har abokan wasa su iso. Musa ya ci ƙwallo 11 a gasar, Honda ya ci bakwai, CSKA ta ɗauki kofin gasar Rasha a karon farko tun 2006. Ranar 1 ga Yunin 2013 suka ƙara da kofin ƙalubale, inda suka doke Anzhi Makhachkala a bugun fenariti bayan an tashi 1 da 1, kuma Musa ne ya ci wa CSKA ƙwallon. A watan Yuli kuma Honda ya ci biyu a wasan Super Cup da suka lallasa Zenit da ci 3 da nema. Wanda ya ɗauki kofin gasa ɗaya da kofin ƙalubale biyu da Super Cup, ya buga wasa 94 a gasar Rasha ya ci 20 alhali rabin lokacin a tsakiya ta baya yake, ba za a ce wasan ƙungiya bai karɓe shi ba.

A bazarar 2013 Milan ta so ta ɗauke shi nan take, amma kuɗin da ta taya bai gamsar da CSKA ba, sai aka jira ƙwantiraginsa ya ƙare a Disamba, ya tafi kyauta. Ya isa Milan a Janairun 2014 yana da shekara 27 da rabi. Tun yana firamare ya rubuta a wani insha'i cewa zai buga gasar Italiya da riga mai lamba 10, saboda haka da ya tarar lambar babu mai ita, bayan tafiyar Kevin-Prince Boateng zuwa Schalke, sai ya nemi a ba shi. Wannan riga ce da Gianni Rivera da Ruud Gullit da Zvonimir Boban da Rui Costa da Clarence Seedorf suka sa, kuma magoya baya da 'yan jaridun Italiya da ma'aunin waɗannan mutane suka auna shi tun daga ranar farko. Ina ganin ƙarfin zuciyar da ya sa ya nemi rigar abin girmamawa ne, amma ta ɗora masa nauyin da ƙungiyar kanta ba ta da halin taimaka masa ya ɗauka.

Dubi irin Milan ɗin da ya tarar. Andrea Pirlo ya tafi Juventus tun 2011. A 2012 an sayar da Zlatan Ibrahimovic da Thiago Silva ga Paris Saint-Germain, su Alessandro Nesta da Gennaro Gattuso da Filippo Inzaghi da Seedorf kuma duk sun bar fili ko sun bar ƙungiyar a wannan bazarar. Mai ƙungiyar, Silvio Berlusconi, ya ɗaure bakin aljihu, sai mataimakinsa Adriano Galliani ya koma tattara 'yan wasan da ƙwantiraginsu ya ƙare da kuma na aro, kuma Honda kansa ta wannan hanya ya zo. Wasansa na farko shi ne na ranar 12 ga Janairu da Sassuolo, inda matashi Domenico Berardi ya ci ƙwallo huɗu aka doke Milan 4 da 3, washegari aka kori koci Massimiliano Allegri. Ka ga ke nan kocin da ya karɓe shi wasa ɗaya tak suka yi tare. Daga nan sai Seedorf, sai Inzaghi, sai Sinisa Mihajlovic, sai Cristian Brocchi, sai Vincenzo Montella, wato koci shida cikin shekara uku da rabi, ban da Mauro Tassotti da ya riƙe na ɗan lokaci. A waɗannan kakanni huɗu Milan ta ƙare ta takwas, ta goma, ta bakwai, da ta shida. Manyan sunaye irin su Fernando Torres da Michael Essien da Alessio Cerci duk sun zo a wannan zamani, babu wanda ya yi tashe a cikinsu. Idan rijiya ta ƙafe, duk gugan da aka zura haka zai fito.

Amma ba zan ɗora komai a kan ƙungiyar ba, domin akwai abin da ya shafi Honda kansa, kuma shi ne batun gurbi da gudu. Lokacin da ya zo, Kaka ne ke bayan ɗan wasan gaba, saboda haka Seedorf ya tura Honda gefen dama, kuma kusan duk kocin da ya biyo baya can ya bar shi. Ɗan wasan gefe a ƙwallon zamani ana so ne ya tsere wa ɗan baya, ko ya yanke shi a guje. Honda ba ya iya ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da yake iyawa shi ne ya karɓi ƙwallo a tsakiya da mutum a bayansa, ya kare ta da jiki, ya juya, ya miƙa ko ya buga. Idan aka kai shi bakin layi sai ya zama hanya ɗaya kawai gare shi, wato ya lanƙwaso ciki zuwa ƙafarsa ta hagu, kuma 'yan bayan Italiya, waɗanda suka fi kowa nazarin abokin karawa, ba su daɗe ba suka gane haka. A ƙungiyar ƙasa kuwa an gina wasan ne a kansa, yana tsakiya, Shinji Kagawa da Yuto Nagatomo suna hagu, Shinji Okazaki yana kutsawa ta dama, kowa ya san inda zai same shi. Wannan shi ne babban bambancin da kake gani tsakanin Honda na Japan da Honda na Milan.

Duk da haka akwai lokuta biyu da ya nuna abin da zai iya. Na farko shi ne farkon kakar 2014 zuwa 2015 a ƙarƙashin Inzaghi, lokacin da Jeremy Menez yake buga gaba yana janyo 'yan baya zuwa tsakiya, Honda kuma yana shigowa daga dama cikin ratar da aka bari. Ya ci ƙwallo shida a wasanni bakwai na farko, a ragar Lazio da Parma da Empoli da Chievo, sai biyu a ragar Verona a watan Oktoba. Daga nan ƙwallayen suka ɗauke ɗif, ya tafi gasar cin kofin Asiya a Janairun 2015, ya dawo a gajiye, bai ƙara ci a gasar Italiya ba har kakar ta ƙare. Na biyu shi ne tsakiyar kakar 2015 zuwa 2016, bayan ya yi watanni a benci. A watan Oktoban 2015, bayan Napoli ta ci Milan 4 da nema a San Siro, ya fito ya faɗa wa 'yan jarida cewa ƙungiyar ba za ta farfaɗo ba sai ko dai ta kashe kuɗi kamar manyan ƙungiyoyi, ko kuma ta sake tsarinta tun daga tushe, kuma hukumar ƙungiyar ba ta ji daɗin maganar ba, ko da yake abin da ya biyo baya ya nuna gaskiyarsa. Da Mihajlovic ya koma tsarin mutum huɗu a tsakiya sai ya dawo da Honda dama, wannan karon da aikin taimaka wa ɗan baya da ɗaga ƙwallo cikin yadi, kuma ya yi aikin da gaske. Shi ne ya ɗaga ƙwallon da Alex ya sa wa kai a wasan hamayya da Inter ranar 31 ga Janairun 2016, wanda Milan ta ci 3 da nema, kuma yana cikin waɗanda suka buga wasan ƙarshe na kofin Italiya da Juventus ta ci 1 da nema a ƙarin lokaci. Sai dai wannan aikin ɗan ƙwadago ne, ba shi ne abin da ake jira daga mai lamba 10 ba, shi ya sa ba a yaba masa yadda ya kamata ba.

A kakarsa ta ƙarshe Montella ya fifita Suso, ɗan Sifaniya mai ƙafar hagu wanda ya fi shi ƙuruciya da iya yanka, Honda ya buga wasa takwas kawai a gasar. Abin da ya burge ni a wannan lokaci shi ne bai tayar da rigima ba, bai daina atisaye da himma ba, kuma kocin da kansa ya sha yaba ɗa'arsa. Ranar 21 ga Mayun 2017 ya shigo daga benci ya ci Bologna da bugun tazara, a wasan da ya tabbatar wa Milan komawa gasar Turai bayan shekara uku ba ta je ba, mako guda bayan haka kuma aka ɗaura masa kyaftin a wasansa na ban-kwana da Cagliari. Jimillarsa a gasar Italiya wasa 81 ne da ƙwallo tara. Ga mai wannan riga adadin ya yi kaɗan, kuma a nan ba ni da ja da kai.

Wanda yake shakkar cewa gurbi da yanayin ƙungiya ne suka danne shi, to ya dubi abin da ya faru da ya koma Pachuca ta Meziko a Yulin 2017, yana da shekara 31. Gasar Meziko gasa ce mai ƙarfi, ga shi garin Pachuca yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 2,400, inda numfashi ke wahalar da baƙo. Ya ci ƙwallo a wasansa na farko, da Veracruz, ya buga gasar cin kofin duniya ta ƙungiyoyi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Disambar 2017, inda Pachuca ta fitar da Wydad Casablanca ta kuma ƙare ta uku, sannan a rabin kaka na biyu ya zama ginshiƙin ƙungiyar. Ya ci ƙwallo goma a gasar Meziko cikin wasa 29, wato a kaka ɗaya ya wuce abin da ya ci a Milan cikin shekara uku da rabi, kuma wannan ne ya mayar da shi cikin tawagar Japan da ta je Rasha a 2018, inda ya ci Senegal.

Yawon da ya biyo baya kuwa, yawancinsa zaɓinsa ne, domin tun kafin ya bar Milan hankalinsa ya rabu tsakanin wasa da wasu harkoki. Kamfaninsa ya sayi kashi 49 cikin ɗari na ƙungiyar SV Horn ta Ostiriya a 2015, ya kuma shiga harkar ƙungiyoyi a Kambodiya da Yuganda. A Agustan 2018 ya sa hannu da Melbourne Victory ta Ostireliya, a cikin watan kuma ya karɓi jagorancin ƙungiyar ƙasar Kambodiya, yana haɗa ayyukan biyu. Ya ci ƙwallo bakwai a gasar Ostireliya duk da raunin cinya da ya hana shi wasa na makonni. A Nuwambar 2019 ya koma Holan wurin tsohon kocinsa Slutsky a Vitesse, amma kocin ya ajiye aiki cikin 'yan makonni, shi ma ya bi sahu bayan wasa huɗu. Botafogo ta Birazil ta ɗauke shi a farkon 2020, dubban magoya baya suka tarbe shi a filin jirgin saman Rio de Janeiro, sai annobar korona ta dakatar da wasanni, ƙungiyar kuma ta shiga matsalar kuɗi da sauyin koci barkatai. Ya bar ta a Disamba tana ƙasan teburi, daga baya ta faɗa rukuni na biyu, kuma wannan tafiya ita ce wadda nake ganin ya cancanci suka a kanta, domin a matsayin jagora aka kawo shi, ya kuma tafi a lokacin da aka fi buƙatarsa. Yarjejeniyarsa da Portimonense ta Fotugal a Fabrairun 2021 ta wargaje saboda ba a iya yi masa rajista a kan lokaci ba, sai ya wuce Neftchi ta birnin Baku, inda ya ɗauki kofin gasar Azarbaijan a watan Mayu, ya ƙarasa shekarar a Suduva ta Lituweniya. Bayan ya yi fiye da shekara biyu ba ya wasa, an kuma yi masa tiyata a gwiwa, ya sake sa takalmi a 2024 yana da shekara 38, ya buga wa ƙungiyar Paro ta ƙasar Butan, a kan burin da ya bayyana da bakinsa na cin ƙwallo a babbar gasar ƙasashe masu yawa iyakar iyawarsa.